Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu zuba jari: rigakafin da ba na allura ba yana jiran masana'anta da mai saye

Zuwa ga masu zuba jari a harkar magunguna, da bankunan raya ƙasashe, da shugabannin Gavi (ƙawancen da ke samar wa ƙasashe matalauta rigakafi), UNICEF da CEPI (haɗakar da ke ɗaukar nauyin binciken rigakafin annoba).

Bayan gaisuwa da girmamawa,

Maganar da ta sa na rubuto muku ita ce ta rigakafin da ake bayarwa ba tare da an tsira wa mutum allura ba. Iri-iri ne. Akwai wanda ake shaƙa ta baki ya sauka huhu, akwai na fesawa a hanci, akwai na'urar da ke tura ruwan magani cikin fata da ƙarfin matsi, sai kuma filasta mai ƙananan tsinaye da ake liƙa wa yaro a hannu na 'yan mintoci a cire. Tun lokacin annobar korona ake ta kawo muku takardun neman jari a wannan fanni, kowane kamfani na rantsuwa nasa ne zai kori sirinji daga duniya. Wasunku sun sa kuɗi sun tafka asara, wasu sun naɗe hannu suna jiran ganin yadda za ta kaya. Ni a ganina akwai riba a nan, ta kuɗi da ta rayuka. Sai dai jarin yana yawan bin abin da ya fi daɗin talla, alhali inda aikin ya cije daban ne: babu masana'antar da za ta fitar da kayan da yawa, babu kuma mai sayen da ya fito ya faɗi farashi ya tsaya a kai.

Bari in fara da ƙyanda, domin ita ta fi nuna girman buƙatar. Rigakafinta yana nan tun 1963, yana aiki sosai, kuma na yaro ɗaya bai kai dala ɗaya ba a farashin da UNICEF ke saye. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mutum miliyan 10.3 suka kamu da ita, ta kashe kimanin 107,500, galibinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. A 2024 kuma yara miliyan 14.3 ne ba su samu ko zagayen farko na rigakafin jarirai ba. Magani na nan, kuma da araha. Kai shi jikin yaro ne wahalar.

Wanda bai taɓa tsayawa kusa da teburin ma'aikaciyar rigakafi ba yana iya ɗauka aikin bai wuce a zuƙa a tsira ba. Rigakafin ƙyanda gari ne busasshe a cikin kwalba, galibi na yara goma. Dole ya zauna cikin sanyi mai digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyas tun daga ma'ajiya har ranar amfani. Sai an haɗa shi da ruwansa na musamman kafin a zuƙa, kuma da zarar an haɗa, awa shida kawai gare shi, abin da ya rage sai zubarwa. To ma'aikaciyar da ta ga yara biyu kacal a gabanta, ta buɗe kwalbar ta yi asarar takwas, ko ta ce wa iyayen su dawo wata rana? Da yawa cewa suke a dawo, kuma ba kowace uwa ke iya dawowa ba. Ga shi ba kowa doka ta yarda ya riƙe sirinji ba, sai wanda ya samu horo. Ga sharar allurai da sai an ƙona ko an binne. A ƙarshen 2021 ma sai da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa ana iya samun ƙarancin sirinji biliyan 1 zuwa 2 a shekarar da ke tafe.

Haɗin nan na gari da ruwa kansa ya ci rayuka. A Samowa, wata ƙasar tsibiri a tekun Pasifik, a watan Yulin 2018, jarirai biyu suka rasu bayan an haɗa musu rigakafin da maganin saki jijiya maimakon ruwan da ya dace. Hukuma ta dakatar da shirin na watanni, iyaye suka tsorata suka janye 'ya'yansu. Da ƙyanda ta shigo a 2019 ta kashe mutum 83, yawancinsu ƙananan yara, a ƙasar da mutanenta ba su wuce kimanin 200,000 ba. Duk lokacin da aka ce muku filasta kayan ƙawa ce ta masu tsoron allura, ku tuna da wannan. Filasta ba a haɗa ta da komai. Kuskuren da ya faru a Samowa ba shi da ƙofar shiga.

Duniya ta riga ta ga abin da ke faruwa idan aka cire allura daga tsakani. A 1988 shan inna na shanye yara kimanin 350,000 a shekara a ƙasashe sama da 125. An rage wannan da fiye da kashi 99 cikin 100, kuma babban makamin shi ne ɗigo biyu a baki, wanda ɗan sa-kai mai horon yini ɗaya zai iya ɗauka ya bi gida-gida. Da allura ce, da ba a samu ma'aikatan da za su isa ba. Wannan shi ne ainihin darajar abin da ake neman ku sa wa kuɗi: yana ƙara yawan hannuwan da za su iya ba da rigakafi.

Shin filastar tana aiki kuwa? A Afrilun 2024 mujallar Lancet ta buga sakamakon gwajin da aka yi a Gambiya, a cibiyar binciken lafiya ta MRC, da filastar ƙyanda da rubela (ƙyandar Jamus) ta kamfanin Micron Biomedical na Atlanta. An gwada manya 45, sannan yara 120 masu wata 15 zuwa 18, sannan jarirai 120 masu wata 9 zuwa 10. Ana liƙa ta a wuyan hannu na minti biyar, tsinayen da ba su kai milimita ɗaya ba su narke cikin fata su bar maganin. Sama da kashi 90 cikin 100 na jariran da aka liƙa wa sun samu kariya daga ƙyanda, dukkansu sun samu ta rubela, daidai da waɗanda aka yi wa allura. Gwaji ne ƙarami, sai an yi babba kafin a ba da lasisi, amma tambayar da ta daɗe tana rataye ta samu amsa mai ƙarfafa gwiwa. A Ostireliya ma kamfanin Vaxxas na Brisbane yana kan irin wannan hanya da tasa filastar.

Nan ne nake so ku tsaya ku duba da kyau, domin nan ne kuɗinku zai yi amfani ko ya salwanta. Yin filasta dubu ɗaya don gwaji abu ne da ƙwararru za su iya a ɗakin bincike. Yin miliyan hamsin a shekara, kowace da awon magani iri ɗaya, a wuri mai tsabtar da ƙwayar cuta ko ɗaya ba ta shiga, da farashin da ƙasa matalauciya za ta iya ɗauka, wannan wani aiki ne daban da har yanzu ba a nuna an iya shi ba a harkar rigakafi. Injinan cika kwalba sun shekara da shekaru ana gyara su har suka kai inda suke. Na filasta kuwa kusan kowane kamfani ƙera nasa yake daga tushe. Kamfanin Zosano na Amurka ya yi filastar ciwon ɓarin kai, amma FDA, hukumar kula da magunguna ta Amurka, ta ƙi amincewa a 2020, cikin dalilanta har da bambancin yawan maganin da ke shiga jini daga wani rukunin kaya zuwa wani. A 2022 kamfanin ya durƙushe. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Duk wanda ya zo muku da hoton filasta mai kyau, ku ce ya kai ku ku ga layin da zai ƙera ta, ku tambaye shi guda nawa ake zubarwa cikin kowace ɗari.

Gidauniyar Gates ta gane haka, shi ya sa a Nuwamban 2023 ta ba Micron dala miliyan 23.6 don fara gina wurin ƙerawa. Abin yabo ne. Amma kyauta ɗaya ga kamfani ɗaya ba ta gina kasuwa. Kuma ga ƙullin da ya ɗaure kowa: mai jari ba zai gina masana'anta ba sai ya san akwai mai saye, mai saye ba zai yi alƙawari ba sai ya ga farashi, farashi kuma ba zai sauko ba sai masana'anta ta fara aiki da yawa. Kowa na jiran kowa, yara kuma na girma ba rigakafi.

Ku shugabannin Gavi da UNICEF, wuƙar da za ta yanke wannan ƙulli tana hannunku, kuma kun taɓa amfani da ita. A 2009 ƙasashen Italiya, Birtaniya, Kanada, Rasha da Norwe tare da Gidauniyar Gates suka ajiye dala biliyan 1.5 a matsayin alƙawarin saye na rigakafin ciwon huhu na yara, da sharaɗin kamfanoni su kawo shi bisa ƙayyadadden farashi. Kamfanoni suka faɗaɗa masana'antu, rigakafin ya isa ƙasashe matalauta shekaru kafin lokacin da aka saba. An soki tsarin cewa manyan kamfanoni biyu suka kwashi kaso mafi tsoka, kuma sukar tana da tushe, sai a gyara a wannan karon. A 2020 ku da kanku, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar lafiya ta PATH da Gidauniyar Gates, kuka zauna kuka tantance sababbin dabarun isar da rigakafi, kuka sa filasta cikin uku da suka fi cancanta. Sai dai babu bankin da ke ba da bashi a kan takardar fifiko. Takardar odar kaya yake son gani.

Na san abin da ma'ajinku zai ce: filasta za ta fi allura tsada, kuma gaskiya ne, aƙalla a shekarun farko. Amma da wane ma'auni ake lissafin? Idan farashin abin da ke cikin kwalba kawai za a duba, allura ta ci gasar tun kafin a fara. A sa kuɗin sirinji, da awon da ake zubarwa bayan awa shida, da firji da man janareta, da horon ma'aikata, da zubar da shara, da kuɗin kamfen ɗin gaggawa duk lokacin da annoba ta ɓarke saboda an tsallake wasu yara. Abin da ya kamata a auna shi ne nawa ake kashewa kafin yaro ɗaya da ke can nesa da asibiti ya samu kariya. Ba kuma sai filasta ta maye gurbin allura ko'ina ba. Inda asibiti ke aiki lafiya, a bar kwalba ta ci gaba. Filasta ta tafi inda kwalba ta kasa zuwa.

Yanzu ga na shaƙa da na hanci, waɗanda suka fi jan hankalin kasuwar hannun jari. Hujjarsu ta kimiyya tana da kyau ƙwarai. Cututtukan numfashi ta hanci da maƙogwaro suke shiga, allurar dantse kuwa garkuwar cikin jini ta fi tayarwa, shi ya sa take hana mutum kwanciya asibiti amma ba lallai ta hana shi kamuwa ya yaɗa wa wani ba. Idan aka kai rigakafin bakin ƙofar da cutar ke shigowa, ana sa ran jiki zai fitar da sinadarin garkuwar da masana ke kira IgA a wurin, ya tare ta tun da wuri. Rigakafin da zai katse yaɗuwar mura ko korona ko tarin fuka, darajarsa ba ta misaltuwa. A Satumban 2022 Sin ta amince da rigakafin korona na shaƙa na kamfanin CanSino, wanda ke amfani da kusan kashi ɗaya cikin biyar na awon allura, Indiya kuma ta amince da na hanci na Bharat Biotech. Dukansu sun iso ne bayan mafi yawan mutane sun riga sun yi rigakafi ko sun kamu, kasuwar ta fara sanyi.

Amma wajibi ne a gaya muku tarihin wannan hanya yadda yake. Kamfanin Altimmune na Amurka ya jingine nasa rigakafin korona na hanci a Yunin 2021 saboda garkuwar da ya tayar ba ta taka kara ta karya ba. Jami'ar Oxford ta fesa rigakafinta na korona a hanci, sakamakon da ya fito a Oktoban 2022 bai gamsar ba. An daɗe ana fatan samun rigakafin ƙyanda na shaƙa tun gwaje-gwajen Albert Sabin a Meziko, amma babban gwajin da aka yi a Indiya, wanda aka buga a 2015, ya nuna kashi 85 cikin 100 na jarirai ne suka samu kariya ta shaƙa, ta allura kuwa kusan 95. A Suwizalan an janye wani rigakafin mura na hanci a 2001 bayan an danganta shi da shanyewar ɓarin fuska. FluMist, rigakafin mura na fesawa a hanci wanda ke kasuwa tun 2003, sai da kwamitin ba da shawara na Amurka ya ce a daina amfani da shi a 2016 saboda rauninsa a kan wani nau'in mura, bai dawo ba sai 2018. Kuma tsofaffinku ba su manta da Exubera ba, insulin na shaƙa don masu ciwon suga da kamfanin Pfizer ya janye a 2007 da asarar dala biliyan 2.8, saboda marasa lafiya da likitoci ba su karɓi na'urar ba.

Ban kawo waɗannan don in kashe muku gwiwa ba. Akwai zare ɗaya da ya ratsa yawancinsu. Hanci da huhu an halicce su ne don su kori baƙon abu, majina na wanke shi, atishawa na fitar da shi, kuma yadda jariri mai kuka ke shaƙa daban da yadda babba ke yi, don haka awon da ya isa inda ake so yana bambanta daga mutum zuwa mutum. Sannan har yau masana ba su daidaita a kan gwaji ɗaya da za a auna garkuwar hanci da shi a ce wannan adadi na nufin kariya ba, kamar yadda ake yi da jini a wasu cututtuka. Rashin wannan ma'auni na tilasta wa kowane kamfani yin gwaji mai dubban mutane da tsada mai yawa, ko kuma ya nemi lasisi da awon jini, wanda ba shi ne abin da yake tallatawa ba. Kamfani ɗaya ba zai kashe kuɗinsa ya samar da ma'aunin da abokan gasarsa za su ci moriya ba. Aikin kuɗin jama'a ne. CEPI da Tarayyar Turai sun fara a 2024 da haɗakar da Imperial College ta Landan ke jagoranta, inda ake gwada irin waɗannan rigakafi a kan masu sa-kai da aka sa wa ƙwayar cutar da saninsu a ƙarƙashin kulawa. A ninka irin wannan, a kuma buɗe sakamakon ga kowa.

Kada kuma ku dogara da gwamnati ɗaya. Amurka ta ware dala biliyan 5 a 2023 don sababbin rigakafin korona, har da na hanci da na haɗiya. Da mulki ya sauya, a 2025 kamfanin Vaxart mai ƙwayar haɗiya ya samu umarnin dakatar da aikin gwajinsa. Gwajin rigakafi shekaru yake ci, ya fi wa'adin mai mulki tsawo. Wannan ne ya sa nake kiran bankunan raya ƙasashe da asusun fansho da duk mai kuɗin da zai iya haƙurin shekara goma. Mai neman ninki cikin wata goma sha takwas, gara ya nemi wata harkar, don zai cutar da kansa ya kuma ɓata sunan fannin idan ya fice da gudu.

Wanda ke tambayar inda ribar kuɗi zalla take, ya dubi ƙasashe masu arziki. Birtaniya na fesa wa yara rigakafin mura a hanci tun 2013. A Satumban 2024 FDA ta yarda mutum ya fesa wa kansa FluMist a gida, ko babba ya fesa wa yaro, ba sai an je wurin likita ba. Rigakafin da za a iya aiko wa mutum har gida kasuwa ce sabuwa, domin akwai manya da yawa da tsoron allura ko rashin lokaci ke hana su zuwa. Filastar mura ko ta matafiya za ta iya samun farashi mai kyau a can, kuma layin da ya ƙera ta shi zai iya ƙera ta ƙyanda. Roƙona shi ne duk yarjejeniyar da kuɗin jama'a ya shiga cikinta a rubuta tun farko cewa wani kaso na abin da masana'antar ke fitarwa na ƙasashe matalauta ne, bisa farashin da aka amince. Mun ga yadda rabon rigakafin korona ya kasance a 2021, lokacin da babu irin wannan sharaɗi mai ƙarfi.

Na'urar matsi ba ta samun yawan ambato, alhali ita ce ke aiki a fili yanzu. Tsofaffin nau'inta sun taimaka wajen yaƙi da agana, aka ajiye su da aka gano bakin da ake amfani da shi ga mutane da yawa na iya yaɗa ciwon hanta. Na yanzu kowane mutum da nasa bakin, a jefar bayan amfani. Tropis ta kamfanin PharmaJet ta samu tantancewar Hukumar Lafiya ta Duniya, an yi amfani da ita a kamfen ɗin shan inna a Pakistan, tana sa kashi ɗaya cikin biyar na awon da aka saba a cikin fata, abin da ke sa kwalba ɗaya ta isa yara ninki biyar. Ranar da wata annoba ta zo rigakafi ya yi ƙaranci, wannan lissafi zai fi kowace talla muhimmanci. Ku dai sani cewa kowane rigakafi da aka haɗa da sabuwar na'ura sai ya nemi nasa lasisin, don haka maganar na'ura ɗaya ta ɗauki komai tana buƙatar kuɗin gwaji sau da yawa.

Abu ɗaya da ba ya fitowa a jadawalin riba shi ne amincewar iyaye. Kada a ɗauka don babu allura jita-jita za ta mutu. Ɗigon shan inna ma ya sha ƙage. Uwa za ta tambaya me ke cikin filastar, me ya sa ba a ga jini ba, ta yaya za ta san maganin ya shiga. A yi manyan gwaje-gwajen a ƙasashen da za a yi amfani da kayan, da likitocinsu da hukumominsu, kamar yadda aka fara a Gambiya. Gavi ta ƙaddamar da asusun dala biliyan 1.2 a 2024 don ƙarfafa ƙera rigakafi a Afirka. Tunda manyan masana'antun filastar rigakafi ba a riga an gina su ba, babu dalilin da zai hana ɗaya daga cikin na farko ta tashi kusa da yaran da suka fi buƙatarta.

Shirin rigakafi na duniya ya ɗauki alƙawarin rage yawan yaran da ba su taɓa samun rigakafi ba da rabi kafin 2030. Gina layin ƙerawa da tantance shi yana cin shekaru, don haka idan aka jira sai babban gwaji ya ƙare kafin a aza tubali, za a ƙara wasu shekarun a kan jiran. Abin da nake nema a wurin Gavi da UNICEF shi ne su fito fili su faɗi filastar ƙyanda da rubela guda nawa za su saya a shekara, a kan nawa, na tsawon shekara nawa, idan ta cika sharuɗɗan Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma alƙawarin ya zama a buɗe ga kamfani fiye da ɗaya. Bankunan raya ƙasashe su ɗauki kason farko na asara idan gwajin bai yi nasara ba, domin masu jari na kasuwa su samu ƙarfin gwiwar sa kuɗin gina masana'antar tun yanzu, yayin da gwajin ke gudana.

Na gode da lokacinku.

Naku,
Mai bibiyar harkar rigakafin yara